Saura Kwana Huɗu, Fasfona Yana Akwatin Baba

Sallama gare ku, masu karatu. Na daɗe ina jan ƙafa a kan wannan babin, don abin da ke cikinsa ko ƙawayena na kusa ba su sani ba. Amma tunda na fara, ku gyara zama.

Sunana Zinatu. A shekarar 1977 ina da shekara ashirin da uku, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a nan Tudun Wadar Zariya. Lokacin ne kuɗin man fetur suka buɗe wa mutane ido. Wanda jiya yake tura keke, yau sai ka gan shi ya shigo layi a kan basfa yana danna hon. Gidanmu ma an kawo fanka da firiji, ko da yake mahaifina, Malam Kailani, bai taɓa yarda ya sha ruwan firijin ba. Ya ce randarsa ta ishe shi.

Ga abin da nake ɓoyewa. Ina 'yar shekara bakwai kaskon man gyaɗa na suyar ƙosai ya kife mini a ƙirji, ɓangaren hagu. Na warke, amma fatar wurin ta tattare ta yi tauri. Da na fara girma, nonon dama ya fito yadda Allah ya tsara, na hagu kuwa ya tsaya cik. Tun ina shekara goma sha huɗu nake cusa auduga a rigar mama. Kullum da safe sai na tsaya gaban madubi, in duba ta gaba, in duba ta gefe, in ƙara, in rage. Idan ina rubutu a allo ba na ɗaga hannun hagu, kada ta goce. Akwai ranar da ta faɗo a filin wasa muna kwalejin horon malamai. Take ta na yi da ƙafa, na tsaya kamar an dasa ni har kowa ya watse.

Saboda haka kada wani ya ce tilasta mini aka yi. Ni na so aikin, da raina da zuciyata.

Yayana Junaidu ne ya buɗe hanya. Ya samu kwangilar hanya a wajen Funtuwa, ya gina gida a Hanwa har da wayar tarho. Matarsa Hafsatu ce ta tsegunta masa damuwata, shi kuma bai ce mini komai ba, kawai ya sa ta kai ni wurin wata likita 'yar Indiya a babban asibiti. Likitar ta auna ni da tef kamar tela, ta ɗauki hoto, ta rubuta wa wani abokin aikinta a Landan. Bayan wata biyu amsa ta zo a shuɗiyar takardar jirgi: za su iya. Za su saki fatar da ta ɗaure, su sa wata 'yar jaka mai laushi a ƙarƙashi, ta ciko wurin ya yi daidai da ɗan'uwansa. Jirgi zai tashi daga Kano ranar Juma'a da yamma, Hafsatu za ta raka ni.

Ranar Litinin, saura kwana huɗu, na baje akwati a kan gado ina bin takardar likita layi-layi. An ɗebi jinina, an ɗauki hoton ƙirji, an yi mini allurar shawara an ba ni katin nan mai ruwan ɗorawa. An hana ni shan asfirin tun mako biyu da suka wuce, ga ciwon kai yana sara na. An ce in zo da riguna masu maɓalli a gaba, don ba zan iya ɗaga hannu in zura riga ta kai ba. Sai da na yi wa telanmu ƙarya cewa sabon yayi ne kafin ya ɗinka mini guda huɗu da atamfa. An ce zan yi mako shida ina kwanciya rigingine, ba ɗaukar bokiti, ba daka, ba wanki. Har gwaji nake yi da rana, in jera matasan kai uku in kwanta ina kallon silin, ni da ban iya barci ba sai a gefen hagu.

Ina cikin haka Gwaggo Atika ta bankaɗo labule. Ƙanwar Baba ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Hannunta ɗauke da ƙulle-ƙulle.

"Ga kuka, ga daddawa, ga yaji. Wannan kuma hulba ce, ki riƙa sha safe da yamma."

"Gwaggo, likita ta ce kada in sha komai na gargajiya."

"Likita ta san hulba ne?"

"Shekara nawa ina shan ta? Da ita da sabaya da kunun alkama. Me ya fito?"

"Ba ki sha da yaƙini ba ne." Ta tura ƙullin ƙarƙashin zannuwana. Sai ta sassauta murya, ta kalli ƙirjina kai tsaye, yadda kowa a gidan ya koma yi tun da maganar ta fito. "Kuma ki ja musu kunne. Su daidaita kawai. Kada su ga kuɗin Junaidu su zarce, ki dawo mana gefe guda kamar ƙwarya."

Wallahi ban san dariya zan yi ko kuka ba. Na ce, "To, Gwaggo."

"Sannan bakinki. Yaron nan kos ya sani, kos za ki tafi. Ko a mafarki kada ki yi suɓutar baki."

Yaron nan shi ne Dalhatu. Ma'aikaci ne a ma'aikatar ayyuka a Kaduna, ɗan Gyallesu, dogo, mai son wando mai faɗin ƙafa da agogon azurfa. Shekara guda yana zuwa wurina a farar Fijo, an kawo kuɗin gaisuwa, an sa biki bayan Babbar Sallah. Gwaggo da Yaya Junaidu ne suka shirya cewa a gaya masa kos ɗin malamai na wata biyu zan je. In dawo a gyare, a yi biki, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani.

Na ce, "Gwaggo, tabon fa? Jakar ba za ta goge tabon ƙuna ba. Ranar da ya gani in ce masa me?"

"Ranar an riga an ɗaura. Sai ya yi haƙuri."

Ta fita ta bar ni da ƙamshin daddawa a cikin sababbin rigunana.

Amma babbar matsalar ba Gwaggo ba ce. Ranar Asabar da ta wuce Yaya ya kawo fasfona ya nuna wa Baba. Baba ya karɓa, ya juya shi, ya daɗe yana kallon hotona, sannan ya buɗe akwatin littattafansa ya saka ya kulle. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yaya kuwa ya rantse ba zai kai ni filin jirgi ba sai Baba ya miƙo fasfon da hannunsa.

Bayan la'asar, da masu ɗaukar karatu suka tashi, na same shi a zaure a kan buzunsa. Na durƙusa.

"Baba, saura kwana huɗu."

"Na sani, Zinatu. Ina ƙirga su fiye da ke."

"In haramun ne ka gaya mini, in haƙura."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan littafin da ke gabansa. "Ba zan yi wa Allah ƙarya don in tsare ki ba. Na duba, na kuma tambayi waɗanda suka fi ni. Gyara abin da wuta ta ɓata ba canza halitta ba ne. Ya halatta."

Zuciyata ta yi tsalle. "To me ya rage, Baba?"

Ya ɗauki tabaran yana juya shi a hannu.

"Uwarki da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata. Ta ba ni mayafinta in riƙe mata. Suka ce barci kawai za su sa ta." Ya mayar da tabaransa. "Tashi ki je. Ina da karatu."

Ku gaya mini, masu karatu, da wa zan yi faɗa? Da ya ce haramun ne, da na nemo malamai goma. Amma wannan? Na koma ɗaki na zazzage akwatin gaba ɗaya a ƙasa, na zauna a tsakiyar kayan ina huci. Shekara tara ina fama da auduga, ga ƙofa ta buɗe, ga mabuɗin a aljihun mutumin da na fi so a duniya, kuma ba zan iya ko ɗaga masa murya ba.

Ranar Talata na tashi daga makaranta na wuce Hanwa, domin Dalhatu kan kira gidan Yaya da ƙarfe biyu daga ofis. Ina shiga wayar ta ɗauki ƙara. Hafsatu ta miƙo mini tana ɗaga gira.

"Malama 'yar Landan!" Muryarsa cike da fara'a. "An gama haɗa kaya?"

"Ana kai."

"Na saya miki kwat ta sanyi. Wani abokina ya ce watan nan sanyinsu ba ya wasa. Ki ba ni adireshin kwalejin, zan riƙa rubuto miki duk mako."

Na kalli Hafsatu. Ta girgiza kai da ƙarfi.

"Ban riƙe shi a ka ba."

"Sunan kwalejin fa?"

"Yana... yana cikin takarda a gida."

Ya yi dariya. "Ɗalibar da ba ta san sunan makarantarta ba! To gobe zan shigo, sai ki kwafa mini. Zinatu, kin san na gaya wa duk 'yan ofis? Na ce matata Ingila za ta je ƙaro ilimi."

Na ajiye wayar. Hafsatu ta ce, "Sai mu ƙirƙiro wani adireshi. Ko mu ba shi na masaukinmu."

"Sannan in dawo ya ce ina takardar shaidar kos? Ita ma mu ƙirƙiro?"

"Ke dai ki bi a hankali. Maza ba su da zurfin ciki a kan irin wannan."

Laraba da yamma na sa leshina ruwan hoda, na ɗaura goggoro, na yafa farin mayafi. Na fi minti ashirin a gaban madubi ina daidaita audugar, sai kuma haushin kaina ya kama ni. Wa nake yi wa? Gwaggo ta leƙo ta ce, "Kos," ta ɗora yatsa a leɓe.

Baba ya tafi masallaci, saboda haka a zaure muka zauna, Dalhatu a kan kujera, ni a bakin tabarma. Ya buɗe leda ya fito da kwat ɗin, ruwan ƙasa mai manyan maɓallai, da alƙalami a cikin gidansa, da littafin rubutu mai bangon fata.

"Wannan na rubuta darasi ne," in ji shi. "Buɗe shafin farko."

Na buɗe. Ya rubuta sunana da tawada shuɗiya, a ƙasa ya sa: Allah ya ba da ilimi mai amfani.

Nan ne abin ya ƙare mini. Na rufe littafin na ɗora a kan gwiwata.

"Malam, ba kos zan je ba."

Murmushinsa bai tafi nan da nan ba. "Ban gane ba."

"Asibiti zan je. Aiki za a yi mini."

Ya zabura. "Subhanallahi! Me ya same ki? Tun yaushe?"

Na gaya masa. Ban kalle shi ba, tabarma na kalla, amma ban rage komai ba: kaskon mai, fatar da ta tattare, audugar, jakar da za a sa, tabon da ba zai tafi ba. Ban taɓa faɗin kalmomin nan a gaban namiji ba. Har na gama kunnuwana zafi suke yi kamar an gasa.

A waje wani mai basfa ya wuce, yara suna binsa da ihu.

Da na ɗago, idonsa na kan ƙirjina. Ya yi sauri ya kawar, amma na riga na gani.

"Wa da wa suka sani?"

"Mutanen gidanmu."

"Junaidu ya sani. Ya zauna da ni ranar Lahadi muna shan lemo, yana ba ni labarin kwaleji." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni kaɗai ne wawan."

"Shi ya sa na gaya maka."

"Saura kwana biyu ki tafi! Da ban tambayi adireshi ba fa?"

Ni kaina ban sani ba.

Na jira ya ce ba komai. Na jira ya ce Allah ya ba da sa'a. Ko ya tambaye ni ina jin tsoro. Maimakon haka sai ya miƙe yana laluben mabuɗin mota.

"Abin... yana da girma? Tabon?"

"Ya kai tafin hannunka."

Ya kalli tafin hannunsa. Wallahi ya kalla. Sannan ya ce, "Bari in yi tunani," ya sa takalmi ya fita.

Gwaggo tana bayan ƙofa, ta ji komai. Ba ta bari na kai ɗaki ba.

"Kin kashe aurenki da bakinki! Wata biyu kawai aka ce ki yi shiru!"

"Gara ya gudu yanzu, Gwaggo, da ya gudu ina ɗakinsa."

"Gara? Gobe duk Gyallesu za su ji. Jibi Tudun Wada. Wa zai ƙara zuwa?"

Na shige na turo ƙofa. Babu fasfo, babu Dalhatu, ga akwati a buɗe yana kallona.

Alhamis ban je makaranta ba. Wajen ƙarfe goma na safe na ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida, na san ƙarar Fijon Dalhatu ko a cikin dubu. Na miƙe zumbur ina neman ɗankwali. Amma sallamar da na ji a tsakar gida ta mace ce.

Hajiya Ishatu ce, mahaifiyarsa. Babbar mace mai haƙorin Makka, cikin shadda ruwan ƙwai da warwaro har gwiwar hannu. Sau biyu kawai na taɓa ganinta, kuma duka biyun ta yi mini kirki. Gwaggo ta rasa inda za ta sa ta, ta shimfiɗa darduma a ɗakina, ta kawo lemo daga firiji. Na durƙusa na gaishe ta, kaina a ƙasa.

"Lafiya lau, 'yata. Dalhatu ya zo mini da wata magana jiya, ko abinci bai ci ba. Yana waje cikin mota." Ta ture lemon gefe. "Ni ba na son jita-jita. Na ce bari in zo da kaina. Atika, ja mana labulen."

Gwaggo ta ja.

"Cire rigar in gani."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Na'am, Hajiya?"

"Ba wani abu ba ne, dukanmu mata ne. Ina so in san ko za ki iya shayarwa, in kuma san abin da zan gaya wa dangin ubansa. In ƙarami ne, a rufe. In babba ne, a san abin yi."

Na waiwayi Gwaggo. Ido ta yi mini, tana nuna maɓallin rigata da haɓa. Hawaye ne a idonta, amma nuni take yi in buɗe.

Likita ta gani, na jure. An ɗauki hoto an aika wa Bature, na jure. Amma wannan hannuna ya ƙi. Na riƙe wuyan rigata gam.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Likita ta ce na dama lafiyarsa ƙalau, zai shayar. Amma ba zan iya buɗewa ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Ba zan yi ba, Hajiya."

Gwaggo ta dafe ƙirji. Hajiya ta gyara zama, fuskarta ta canza. "Yarinya, gidana za ki shiga. An riga an yi mana ƙarya sau ɗaya. Ina da haƙƙin in ga abin da ake ba ɗana."

Sai muka ji gyaran murya a bayan labule. Baba ne. Tun da na zama budurwa bai taɓa zuwa ƙofar ɗakina ba.

"Hajiya, barka da zuwa." Bai ɗaga labulen ba, daga waje yake magana, a hankali, yadda yake fassara wa ɗalibai. "Ƙaryar da aka yi muku laifinmu ne, mu manya, kuma ina ba ku haƙuri. Yarinyar nan ita ce ta warware ta, ba wanda ya sa ta. Amma 'yata ba tunkiya ba ce da za a latsa kafin a taya. Ko ni da na haife ta ban ga wurin nan ba tun tana shekara bakwai. In kuna so a haka, bismillah. In ba kwa so, kayanku suna nan yadda kuka kawo su."

"Malam, ai ba abin ya kai nan ba..."

"Ya kai, Hajiya."

Sai hannunsa ya shigo ta gefen labule, riƙe da koren fasfona.

"Zinatu, karɓi. Na ɗauka in na riƙe ki a gida na tsare ki ne. Ashe a cikin gidan nawa ma ba ki tsira ba." Ya ƙara miƙo fasfon. "Ki je. Amma ki dawo mini da ƙafarki."

Na karɓa da hannu biyu. Sai jin takunsa na yi yana komawa zaure.

Hajiya Ishatu ta miƙe, ta gyara mayafi, warwaronta suna kaɗawa. Ba ta yi wa kowa sallama ba. Gwaggo ta bi ta tana "Hajiya, a yi haƙuri, Hajiya, a duba," ni kuma ban san abin da ya ja ni ba, na bi bayansu har bakin zaure, fasfon yana hannuna.

Dalhatu yana zaune a mazaunin direba, gilas a sauke, rigar jiya ce a jikinsa. Ya gan ni. Ya ga fasfon. Hajiya ta shiga baya ta ja ƙofa da ƙarfi.

"Tada mota."

Bai motsa ba. Hannunsa yana kan mabuɗi, idonsa yana kaina.

"Dalhatu, na ce ka tada mota."

Bai tayar ba. Bai kuma fito ba.

Na tsaya na ƙirga har goma a zuciyata, na ba shi dama ya zaɓi ɗaya. Da na kai goma yana nan yadda yake, sai na juya na koma ciki. Ina da akwatin da zan rufe, kuma ƙarfe bakwai na safe Yaya Junaidu zai zo mu kama hanyar Kano.